Rifkatu, Wadda Ta Yi Jinyar Lurwanu Bayan Rai Ya Yi Halinsa

Zuwa ga ƙawata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti a can Jidda. Yaya aiki? Yaya zafin garin, yaya kuma kewar gida? Mu a nan Birnin Gwari lafiya muke, sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka, masara ta nuna, har an fara gasawa a bakin tasha. Iya tana gaishe ki, gaisuwa ta musamman.

Na san za ki yi mamaki da na rubuto miki a inda kowa zai karanta, alhali lambarki tana cikin wayata. Dalili biyu ne. Na farko, duk sanda na kira ki da niyyar godiya, kuka ne yake rigan maganar fita, sai ki koma ke ce mai rarrashi. Na biyu, maganar da ake yi a kanki a garin nan ba a ɗaki ake yin ta ba. A gidan suna ake yi, a bakin famfo, a cikin motar haya. Tunda a fili aka yi ta, bari a ji amsarta a fili.

Duk abin da zan faɗa kin san shi, don ke kika aikata. Amma ki yi haƙuri ki saurara.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da naku tun muna yara. Mahaifinki, Malam Bitrus, koyarwa ce ta kawo shi daga kudancin Kaduna, garin ya karɓe shi, ya zauna har Allah ya ɗauki ransa a nan. Shi ya koya mana lissafi a firamare, kuma bai taɓa rage miki bulala don ke 'yarsa ce ba. Ranar Sallah kwanon farko gidanku yake zuwa. Ranar Kirsimeti kuwa Mama Saratu, mahaifiyarki, sai ta aiko a kira Babanmu ya yanka mata kaji, don mu ma mu ci da zuciya ɗaya. Iya ba ta taɓa kiran sunanki ba, "'yar Malam" take ce miki har gobe.

A lokacin daji na kowa ne. Idan aka ba da hutu, Baba yakan kwashe mu zuwa gonarsa ta Kazage, har da ke. Mu yini muna tsintar kaɗanya da ɗinya, baki baƙi ƙirin, ba wanda yake waiwaye don tsoron wani abu. Ƙanena Lurwanu yana biye da mu kamar jela. Kin tuna ranar da ya hau ɗorawa ya faɗo, goshinsa ya fashe? Ni da nake yayarsa ihu na kwasa na yi gona da gudu. Ke kuwa kika kwance kallabinki kika danne wurin, kika goya shi har bukka. Daga ranar ya laƙaba miki "Yaya Likita", kuma bai daina ba har ya yi gemu.

Kika tafi makarantar koyon jinya, kika yi aiki a Kaduna, daga baya aiki ya kai ki Saudiyya. Mu kuma daji ya rufe mana. Gonar Kazage ta gagari zuwa, wanda ya je ma ba shi da tabbacin dawowa. Lurwanu ya taso da ƙarfinsa ya rasa inda zai sa shi. Ya yi acaɓa, ya yi dakon gawayi, har Allah ya buɗa masa hanyar aikin tuƙi a Jidda. Ranar da zai tafi, Iya ta ƙulla masa kuka da daddawa ta ce rabi na 'yar Malam ne. Abin da ya sanyaya mata rai ke nan, cewa kina can.

Yakan ba mu labari cewa idan hutunsa ya zo daidai da naki, kikan tuƙa masa tuwon masara ki zuba a kula ya zo bakin ƙofa ya karɓa. Ya ce duk Jidda ba mai miyar kuka irin ta Yaya Likita, sai dai faɗanta ya yi yawa a kan gudu da mota.

Ba gudu ya yi ba ranar da haɗarin ya same shi. Taya ce ta fashe, motar ta juya, kansa ya bugu. Da aka duba wayarsa, lambarki aka samu ta wanda za a kira, kuma asibitinku ne babba mafi kusa. Ina kan keken ɗinki da hantsi kika kira ni. Ba ki yi kwana-kwana ba. Kika ce, "Saudatu, ki zauna idan a tsaye kike. Lurwanu ya yi haɗari, yana hannuna, kuma jikin ya yi tsanani." Na tuna allurar keken na tsaya ina kallo, kamar ban taɓa ganin allura ba.

Daga baya na ji cewa shugabar sashenku ba ta so ki shiga cikin masu jinyarsa ba, don a aikinku ba a son mutum ya yi jinyar nasa. Kika ce mata ba shi da kowa a ƙasar sai ke, kuma ba wanda zai iya yi wa uwarsa bayani da harshenta. Ta amince. Aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake sa waɗanda rai yake hannun Allah, aka jona masa injin numfashi.

Kwanakin farko mun yi su ne da waya a hannu. Kin san halin sabis a garin nan, ya zo ya tafi yadda ya ga dama. Wani lokacin sai na fita bayan gida na hau kan tudun bulo kafin muryarki ta fito sosai. Ba ki taɓa gajiya da maimaita magana ba. Ba ki kuma taɓa ce min "zai warke" ba, ko sau ɗaya, duk da na yi ta kewaye-kewaye ina neman ki faɗa. Abin da kike cewa shi ne, "Muna yin iyakar ƙoƙarinmu, ku kuma ku dage da addu'a."

Sai ranar da kika ce in kai wa Iya wayar, in kira Kawu Idi, ƙanin Baba, ya zo ya zauna. Kika yi mana bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro baƙi. Kika ce bugun ya kumbura ƙwaƙwalwar har jini ya daina shiga cikinta. Likitoci biyu sun gwada shi, kowa a nasa lokacin, sun haska ido, sun gwada duk abin da ake gwadawa, har sun dakatar da injin na ɗan lokaci su ga ko zai ja numfashi da kansa. Bai ja ba. Kika ce wannan ba doguwar suma ba ce, don mai suma yakan farka. Ƙwaƙwalwar ce ta mutu gaba ɗaya, kuma daga nan ba a dawowa.

Iya ta ce a nuna mata shi. Kafin ki kunna bidiyon sai da kika gargaɗe mu. Kika ce za mu ga ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, za mu ga fatarsa da kyau kamar mai barci. Kika ce ko mun ga yatsan ƙafarsa ya motsa kada zuciyarmu ta tashi, lakar baya ce take yin haka, ba farfaɗowa ba. Duk da haka, da hoton ya fito, Iya ta kai hannu ta shafa gilashin wayar ta ce, "Ai ga shi nan yana numfashi, 'yar Malam."

 Na san abu mafi sauƙi a lokacin shi ne ki bar ta da wannan ɗan farin cikin. Amma kika ce, "Iya, injin ne yake hura masa. Lurwanu ya riga mu gidan gaskiya." Ta ce ki dubi Allah ki faɗa mata gaskiya. Kika ce, "Iya, a cinyarki na girma. Da akwai hanya ko da siririya ce kamar zare, da ni zan fara nuna miki ita."

Iya ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu Idi ya tashi ya fita zaure. Ni kuma na zauna riƙe da waya ina kallon ƙirjin ƙanena yana ɗagawa.

Washegari aka sake kira, wannan karon da wani likita wanda aikinsa ke nan, yin magana da iyalan mamata. Ke tafinta kawai kika yi. Ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ce zuciyar Lurwanu tana bugawa tukuna saboda injin da magunguna, ƙodojinsa da hantarsa lafiya lau suke. Akwai marasa lafiya da suke jira, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan samun dashe. Idan iyali sun yarda, za a iya ba su. Idan ba su yarda ba, ba tilas, za a cire injin a yi masa sutura. Ina so masu karatu su ji wannan da kyau: ba ki ƙara ko kalma ɗaya taki ba.

Iya da kanta ta tambaye ki. Ta ce, "Ke 'yar Malam, me kika gani?" Kika ce, "Iya, wannan ba tawa ba ce. Ki tambaye ni duk abin da ba ki gane ba, zan faɗa miki, amma zaɓin naku ne. Ko kun ce e, ko kun ce a'a, ba abin da zai ragu a kulawar da nake yi masa." Na ji haushinki a lokacin, don so nake wani ya ɗauke mana nauyin. Yanzu na gane mutunta mu kika yi.

Gida ya rabu biyu. Kawu Idi ya ce a cikakke Allah ya ba mu shi, a cikakke za mu mayar. Ni ban san ma inda na tsaya ba. Aka je wurin limamin unguwa, ya ce malamai sun yi saɓani a kan wannan, akwai waɗanda suka hana, akwai da yawa da suka halatta idan kyauta ce don ceton rai ba ciniki ba, kuma idan an tabbatar da mutuwar. Ya ce ba zai yanke mana ba, a bar wa uwar da ta haifa. Iya kuwa ta shige ɗaki, ba ta cin abinci sai kunu.

Abin da ba mu sani ba shi ne irin wahalar da kike sha a can, mu muna nan muna jan lokaci. Malam Auwalu ne ya ba mu labari, mutumin Kano da suke ɗaki ɗaya da Lurwanu, wanda ya yi zaman barandar asibitin tun daga farko har ƙarshe. Da ya zo hutu ya ratso hanyarmu duk da tsoronta, ya kawo mana jakar Lurwanu, ya zauna a tsakar gida ya kwashe komai ya faɗa.

Ya ce ke kika fahimtar da shi cewa ƙwaƙwalwa ce take riƙe da ragamar jiki, idan ta tafi komai sai ya fara kwancewa. Jiki ya yi sanyi, sai ki lulluɓa masa bargon da ake hura wa iska mai ɗumi. Jini ya sauka, ki kira likita, a ƙara magani, ki tsaya a kan na'ura kina kallo har ya daidaita. Fitsari ya yi ta zuba ba tsayawa, ki auna, ki mayar masa da ruwa gwargwadon abin da ya fita. Ki tsotse majina daga bututun, ki goge masa baki, ki ɗiga masa magani a ido ki rufe don kada ya bushe, ki juya shi don kada fata ta yi gyambo. Kin gama wannan, wancan ya taso.

Ya ce akwai wata rana da azahar da jinin ya faɗi ƙwarai, na'urori suka yi ta ƙara, likitoci suka cika ɗakin. Lokacin tashinki ya riga ya wuce, amma ba ki tafi ba. Da abin ya lafa kika fito ƙafafunki a kumbure, kika jingina da bango. Ya ce miki, "Sista, ki kira su mana ki ce lokaci yana ƙurewa." Kika ce, "Uwa ce take bankwana da ɗanta. Ba zan tsaya a kanta da agogo ba. Ni aikina in riƙe shi har ta gama."

Kuma ba ki kira ba. Ranar da yamma mun yi waya, kika tambayi ko Iya ta ci abinci. Kin faɗa min jikin yana wahala, don ba kya ɓoye min komai, amma ba ki ce mu yi sauri ba.

Sai dai abin da ya fi tsaya wa Malam Auwalu a rai ba wannan ba ne. Ya ce duk sanda za ki ɗaga labulen gadon sai kin yi sallama. Kafin ki taɓa shi sai kin ce, "Lurwanu, zan juya ka," ko "Lurwanu, zan goge maka fuska." Idan lokacin wanka ya yi, sai ki kira wani nas namiji, Musulmi ɗan Sudan, ki ba shi ruwa da tawul ki fita. Ba ki taɓa bari ya kwanta a buɗe ba. Kina taje masa gemu, kina shafa masa mai a dugadugai. Malam Auwalu ya tambaye ki amfanin yi wa wanda ba ya ji magana, kika ce, "Ba ya ji, na sani. Amma mutum ne, ɗan mutane, kuma har yanzu amana ce a wurina."

Shi ya faɗa mana cewa ke kika roƙa aka gyara gadon ya fuskanci alƙibla. Ke kika ce masa ya kawo ruwan zamzam, kina jiƙa auduga kina shafa wa leɓen. Ke kika ajiye waya kusa da kunnen Lurwanu tana karatun Alƙur'ani a hankali, sannan ki koma gefe ki sunkuyar da kai ki yi taki addu'ar yadda kika iya. Malam Auwalu ya ce wa Iya, "Hajiya, na ga jinyar masu rai iri-iri, amma ban taɓa ganin an girmama wanda ya tafi irin haka ba." Yana faɗa yana share ido da hularsa.

A nan gida kuwa, bayan kwanakin nan na jira, wata safiya Iya ta fito daga ɗaki, ta ce a kira Kawu Idi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ya tuna ciwon da ya kashe yayansa, wato Baba. Kin san wannan tarihin, Rifkatu, don kina Kaduna a lokacin, ke kike kama mana layi. Ƙodojin Baba suka daina aiki, aka ce sai wankin ƙoda, kuma ba a yi sai a Kaduna. Mu yi sammako mu je tasha, a jira motoci su taru a sami rakiya kafin a ratsa daji. Wata rana a ce hanya ba kyau, kowa ya koma gida. Sai mu dawo da shi, ƙafafunsa su kumbura, numfashi ya gagare shi, ya kwana a zaune. Iya ta ce wa likita a cire tata a ba shi, aka ce hawan jininta ba zai bari ba. A ɗaya daga cikin makonnin da hanya ta rufe ya cika.

Ta ce, "Idi, na san zaman da ake yi a bakin ɗakin wankin nan. Yanzu haka akwai wata a can tana irin zaman da na yi. Ƙasa ba ta da buƙatar ƙodar Lurwanu, waccan matar tana da." Kawu ya ce, "Ke kika haifa. Allah ya sa sadaka ce mai gudana a gare shi."

Da muka kira ki, Iya ta kafa sharuɗɗanta. Kyauta ce saboda Allah. A rufa masa asiri, kada a bar shi a yashe. A yi masa wanka da salla kamar kowane Musulmi. Kika ce, "Iya, na ɗauka a wuyana." Sannan kika sa wayar a kunnensa kika ce ta faɗi duk abin da take so. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta yafe masa nonon da ya sha. Ta ce ya yi mata biyayya, Allah ya yi masa albarka. Ni sunansa kawai na kira.

Malam Auwalu ya ce da za a wuce da shi ɗakin tiyata, ma'aikata suka fito suka jeru a baranda dama da hagu. 'Yan Indiya, 'yan Filifin, Larabawa, masu shara da likitoci, duk suka tsaya don direba ɗan Birnin Gwari. Ke kina gefen gadon kina tafiya tare da shi. A bakin ƙofa kika duƙa kika ce, "Sauka lafiya, ƙanena." Da ƙofar ta rufe sai kika zame kika zauna a ƙasa. Ya ce ranar ce kaɗai ya ga kukanki.

Duk da haka ba ki tafi gida ba. Kika jira aka gama, kika shiga kika duba an ɗinke shi tsaf, an cire duk wani bututu, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, kafin maza su karɓe shi zuwa wanka. Aka yi masa salla bayan la'asar a masallaci cike da jama'a. Ke kika tsaya daga tsallaken titi cikin rana har aka fito da makara aka wuce. Sannan kika kira Iya kika ce, "Na sauke."

Ba a faɗa mana sunayen waɗanda aka bai wa ba, haka dokar take, kuma Iya ba ta nema ba. An dai ce mutum biyu sun sami ƙoda, ɗaya ya sami hanta, kuma aikin ya yi kyau. Tun daga nan, idan Iya ta idar da salla, bayan ta ambaci Baba da Lurwanu, sai in ji ta ce, "Allah ka ƙara wa mutanen Lurwanu lafiya." Ba ta san yarensu ba, ba ta san ko maza ne ko mata.

To, Rifkatu, wannan shi ne abin da ya faru. Amma kafin a share makoki, labari ya canja kama a bakin mutane. Aka ce da ransa aka yanka shi. Aka ce sayarwa aka yi, kuma ke ce dillaliya. Har kwanon rufin da kika canja wa Mama Saratu tun kafin haɗarin sai da aka nuna da baki. Waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin jinya ba suka zama masana. Wasu da suka sha kunun Mama tun suna yara suka fara wuce ta ba gaisuwa. Na san labarin ya iso ki, don na ji saƙon muryar da kika turo min, kina cewa bana ba za ki zo Kirsimeti ba, kada zuwanki ya ƙara wa tsohuwa nauyi. Kika ƙara da cewa wani lokacin kina tambayar kanki ko da ba ki shiga maganar ba da ya fi. Wannan ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Da ba ki shiga ba, da a bakin baƙo za mu ji mutuwarsa, da harshen da ba mu sani ba. Da Iya ba ta yafe masa a kunnensa ba. Da har yau muna zargin ko an yi gaggawar cire injin.

Bari in ba ki labarin da ba ki ji ba. Kawu Idi, wanda shi ne ya fi kowa ƙi, yana zaune a majalisarsu wani ya ɗauko zancen. Kawu ya ce masa, "Ni na ƙi abin nan, kuma a gabana aka yi komai. Yarinyar nan ko sau ɗaya ba ta ce mu bayar ba. Wanda yake da magana ya zo ya same ni." 

Iya kuwa, tun rasuwar ba ta taka ƙofar gida ba. Ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, ta sa hijabinta ta ce in ɗauko ƙwaryar sabuwar masara in biyo ta. Gidan da katanga ɗaya ta raba mu da shi, sai ta ƙi bin ƙofa da ƙofa. Ta zaga ta bakin famfo, ta ratsa ta layin masu kayan miya, tana amsa gaisuwa, duk wanda ya tambayi ina zuwa ta ce gidan Malam Bitrus. Da muka isa, Mama Saratu ta ce mu shiga ciki. Iya ta ce a'a, a shimfiɗa tabarma a nan ƙofar gida. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna ɓare masara har azahar. Duk wanda ya zo wucewa sai Iya ta kira sunansa, ya tsaya dole ya gaida su biyun. Sai ta ce, "Godiya na zo yi. 'Yarta ce ta yi min jinyar ɗana."

A hanyar dawowa ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in gyara. Ta ce, "Ki ce wa 'yar Malam ta zo gida. Ban ga kabarinsa ba, kuma da wuya in gani. Amma hannun da ya taɓa shi ƙarshe yana nan da rai. Ta kawo min shi in riƙe."

Don haka ki zo, Rifi. Hanya ta ɗan yi sauƙi bana. Ni zan tare ki a tasha.

Allah ya saka miki da alheri, ya tsare ki a baƙon wuri, ya ƙarfafi ƙafafunki a kan wannan aiki. Yadda kika rufa wa namu asiri, Allah ya rufa miki naki, ya haɗa ki da masu tausayi a ranar da za ki buƙace su. Allah ya ji ƙan Lurwanu da Baba, ya ba mutanen da suke ɗauke da kyautarsa tsawon rai mai amfani. Allah ya zaunar mana da garinmu da dajinmu lafiya. Amin.

Taki har kullum,
Saudatu, yayar Lurwanu
Birnin Gwari